Daga Gombe Zuwa Alƙahira: Yadda Sabon Ɗalibi Zai Kama Ƙasa a Watannin Farko

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo maƙwabcinmu a Jekadafari ya yi mini sallama, ɗansa na biye da shi riƙe da leda cike da takardu. Ya ce, "Malam, ga ƙanenka nan. Ya samu gurbi a Azhar, wata mai kamawa zai tashi. Kai da ka sha ruwan can, ka gaya masa abin da zai tarar." Na shimfiɗa tabarma a zaure, muka zauna har aka kira la'asar. Abin da na gaya wa yaron nan shi nake so in rubuta, domin duk shekara akwai irinsa da yawa daga Gombe, Kumo, Dukku da Bajoga, har Bauchi da Azare, masu nufar Masar. Wasu Azhar za su, wasu karatun likita ko injiniya a Jami'ar Alƙahira, Ain Shams ko Mansura.

A shekarun da na yi can, ban cika ganin littafi ya kayar da ɗalibinmu ba. Yaron da ya sauke Alƙur'ani da ka tun yana ƙarami ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Abin da ke kayar da shi shi ne takardar zama da ta ƙare, da kuɗin haya, da ciki, da sanyi, da kaɗaici. Waɗannan kuwa jeri gare su, kowanne da lokacinsa, kuma a jeren zan kawo su.

Tun kana gida

Ka fara da takardu. Duba fasfonka, idan saura masa ƙasa da shekara biyu, sabunta shi a nan ya fi maka sauƙi. Ka yi allurar rigakafin shawara ka karɓi katin nan ruwan ɗorawa, don ana tambayar sa ga wanda ya fito daga Najeriya. Takardun makarantarka su bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da Ma'aikatar Harkokin Waje, da ofishin jakadancin Masar a Abuja, kowa ya buga hatiminsa. Kowace takarda ka yi mata kwafi goma, ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel ɗinka, ka bar wa mahaifinka saiti ɗaya. Ƙananan hotuna masu farin bango kuwa, ka wanko dozin biyu, duk za su shige.

Guzuri: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin kunu. Kada ka wahalar da kanka da zoɓo da tsamiya, suna nan jibge a can, karkade da tamar hindi suke ce musu. Lalo ma shi ne mulukiyyar da suke ji da ita. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai baki uku ba, saboda haka ka sayi abin haɗi guda biyu tun daga kasuwar Gombe, kada wayarka ta mutu a daren farko.

Ka tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro cikin kwalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2024 cewa Masar ta rabu da cutar, ma'ana likitan can ba ita zai fara kawowa a ransa ba. In zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko, ka faɗa masa da bakinka daga inda ka fito, ka nemi a gwada jininka. Sai wata magana mai nauyi: kada ka karɓi ƙullin saƙon kowa sai an kwance shi a gabanka, ko ɗan uwanka ne ya kawo. Ƙwayoyi irin su tramadol, a Masar laifi ne mai kai mutum gidan yari shekaru, kuma jami'in filin jirgi ba ruwansa da cewa saƙo aka ba ka.

EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja. Ka kwana a garin da za ka tashi, kada ka dogara da motar asuba daga Gombe ranar tafiya. Kuma kada ka hau jirgi sai ka san sunan wanda zai tarbe ka, da lambarsa a rubuce a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Makon farko

Kwana uku na farko ka bi wanda ya tarbe ka sau da ƙafa. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka je da fasfonka shagon Vodafone, Orange ko WE ka yanki layi da sunanka, kada ka karɓi tsohon layin wani. Ka tambayi mai shagon matsayin wayarka, domin tun farkon 2025 Masar ta sa haraji kan wayoyin da aka shigo da su daga waje, wadda ba a biya mata ba takan daina karɓar layin ƙasar bayan kwana 90. Ka rubuta adireshin inda ka sauka da Larabci ka sa a aljihu. A cikin makon ka kai sunanka ƙungiyar ɗaliban Najeriya, ka kuma san hanyar ofishin jakadancinmu da ke Zamalik. Ranar hutunsu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce, ka gyara lissafinka.

Iƙama kafin komai

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Bizar da ka shigo da ita gajeriya ce. Abin da zai halatta maka zama shi ne iƙamar karatu, wato takardar izinin zama ta ɗalibi, ita kuma ba a ba da ita sai makaranta ta shaida kai ɗalibinta ne. Saboda haka rajista ce kan gaba. Ɗan Azhar zai fara da jarrabawar tantance ƙarfin Larabcinsa, daga nan a san ko cibiyar koyon harshe za a tura shi, ko ma'ahadi, wato makarantar Azhar ta kafin jami'a, ko kulliya kai tsaye idan an amince da shaidarsa ta sakandare. Ɗan sauran jami'o'i kuwa ofishin ɗalibai baƙi zai nufa, wanda suke kira ofishin wafidin. In rajista ta kammala, sai ka karɓi takardar shaida daga ofishin harkokin ɗalibai, ka haɗa da fasfo, da kwafinsa har shafin da aka buga hatimin shigowa, da hotuna, da shaidar inda kake zaune, ka kai ofishin shige da fice, wato Jawazat. Babban ofishin yana Abbasiyya, tun da aka ɗauke shi daga ginin Mujamma na dandalin Tahrir a 2019, amma ka tambayi makarantarka wane reshe ne ke karɓar na ɗalibanta.

Ka fita bayan sallar asuba, da biro, da ruwa, da canji a aljihu. Za ka ji kalmar "bukura", wato gobe, fiye da sau ɗaya. Kada ranka ya ɓaci, kada ka ɗaga murya. Ka yi sallama, ka ce "lau samaht", ka tambayi takamaimai wace takarda ce ta rage, ka rubuta, gobe ka dawo da ita. Rasit ɗin da za a ba ka bayan ka miƙa, ka riƙe shi kamar ranka, shi ne hujjarka idan ɗan sanda ya tare ka kafin iƙamar ta fito.

A shekarata ta farko layin ya gajiyar da ni. Wani mutum da ke kai-komo a bakin ofishin ya ce in ba shi fasfona da wani abu, cikin mako zai kawo. Wata biyu na yi ba fasfo a hannuna, ko jiniyar mota na ji sai gabana ya faɗi, ga shi na kasa gaya wa na gida. Da ƙyar manyan ɗalibai suka karɓo mini, ba a yi komai a kai ba, bizata ta riga ta ƙare, sai da na biya tara daga kuɗin abincina. Zuwa da kai ya fi aike. Idan ba wakilin da makaranta ko ƙungiya ta naɗa a fili ba, kada fasfonka ya kwana a hannun kowa. Ranar da iƙamar ta fito, ka rubuta ranar ƙarewarta a bangon ɗakinka, ka fara shirin sabuntawa saura wata biyu.

Wurin kwana

Wanda ya samu tallafin Azhar, masaukinsa Madinatul Bu'us ne, ga ɗaki ga abinci, ga dokar shiga da fita. In ka samu, ka riƙe da hannu biyu. Sauran kuwa haya ce, yawancin namu a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir da Hayyus Sabi', wasu a Darrasa kusa da masallacin Azhar don sauƙin halartar darussa.

Dillali sunansa simsar, yana da ladansa. Mai gida zai karɓi kuɗin ajiya da ake kira ta'amin, ban da hayar wata. Kada ka ba da ko sisi sai an rubuta yarjejeniya, da sunanka a ciki, da adadin kuɗin, da ranar da za a iya ƙari. Kafin ka sa hannu, ka buɗe kowane famfo, ka kunna kowane ƙwai, ka duba mitar wuta ko akwai tsohon bashi, ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a karye. Mai gadin bene, bawwab, ka girmama shi, ka ba shi ɗan abin da ake ba shi duk wata. Shi ya san mai gyaran famfo, shi ke kawo tukunyar gas, shi kuma ake tambaya game da halinka.

Abu ɗaya a cikin gidan yana kisa, kuma mutanenmu ba su san shi ba: injin ɗumama ruwa mai aiki da gas, sakhan. Idan yana cikin banɗaki aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, yakan fitar da iska mai guba marar wari, mutum ya ji jiri ya faɗi a wurin. Kowane hunturu sai an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Ka bar taga a buɗe, ko ka tara ruwan a bokiti ka kashe injin kafin ka shiga. Haka kuma kada a kunna gawayi a ɗaki a kwanta.

Abokan zama kuwa, ga shawarata, kuma na san wasu ba za su so ta ba. Watanni uku na farko ka zauna da 'yan gida, don ka samu mai nuna maka hanya. Bayan nan ka nemi gidan da akwai aƙalla mutum ɗaya da ba ya jin Hausa ko Fulatanci, ɗan Senegal ne, ɗan Indunusiya ne, ko Bamisire ɗan ƙauye da ya zo karatu. Na ga waɗanda suka shekara biyar a Hayyul Ashir, a ɗaki Hausa, a majalisa Hausa, a waya Hausa, suka dawo ba sa iya tsayawa minti goma su yi bayani da Larabci. Jikinsu ne ya je Masar, su suna Tudun Wada.

Harshen titi

Ranar da ka fara zuwa shago za ka yi zaton ba Larabci ake yi ba. Larabcin da ka koya a Islamiyya shi ne fusha, na littafi da huɗuba. Na titi shi ne ammiyya, kuma wasu malamai har a aji sukan zame zuwa cikinta. Makullin farko guda biyu ne: harafin jimun a bakinsu "ga" ce, shi ya sa jami'a ta zama gam'a. Harafin ƙafun kuma a Alƙahira hadiye shi ake yi, ƙalbi ya koma albi, ƙahwa ta koma ahwa. Da ka riƙe waɗannan, kalmomi da yawa za su buɗe maka da kansu.

Sai ka haddace na yau da kullum kamar yadda ka haddace ƙananan surori. "Bikam?" nawa ne. "Ayiz", ina so, mace ta ce "ayza". "Fen?" ina ne. "Mafish", babu. "Aiwa", e. "Ma'alesh", yi haƙuri. "Dilwa'ti", yanzu. Ka ware ƙaramin littafi, kullum kalma biyar, ka gwada su a kan mai sayar da burodi da mai kayan miya. Za su yi dariya, su gyara maka, gobe su tambaye ka ina ka shiga. Misirawa mutane ne masu son raha, wanda ya yi ƙoƙarin yin harshensu yana shiga ransu da wuri. Amma fusharka kada ta yi tsatsa, da ita za ka rubuta jarrabawa.

Zirga-zirga

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro, shi ne mafi sauƙi da araha. Tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiya, namiji ya kiyaye kada ya faɗa ciki. Ƙananan bas farare ba su da kwandasta, kuɗi hannu da hannu ake miƙawa har ya kai direba, in za ka sauka ka ce "ala gamb ya usɗa". Tasi kuwa, ko ya kunna mita ko ku yi ciniki tun kafin ka zauna, in ba haka ba ka kira Uber. Tsallaka titi ka tsaya gefen ɗan gari, in ya taka ka taka.

Ciki da aljihu

Abincin ɗalibi a can wake ne, ful, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, da gurasar da suke kira esh baladi, da koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani ƙaramin wake) da soyayyar albasa a kwano ɗaya. Cikinka zai yi ƙorafi mako ɗaya ko biyu, daga nan ya saba. Amma mai cin na waje kullum, kuɗinsa ba ya kai ƙarshen wata. Ku haɗa tukunya a gida, kowa da ranar girkinsa, a rubuta a manna a ƙofar kicin. Garin semolina na yin tuwo mai kyau, ga kukarka da daddawarka. Wanda bai taɓa ɗora tukunya ba, ya zauna kusa da mahaifiyarsa ko yayarsa sati biyu kafin tafiya, ya koyi miya uku.

Kuɗinsu fam ne, su suna cewa gine. Ya faɗi warwas a Nuwamban 2016, ya sake faɗuwa a Maris na 2024, lokacin da dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a rana guda. Naira ma ka san halin da ta shiga tun 2023. Saboda haka duk lissafin da wani tsohon ɗalibi ya ba ka na zamaninsa, har da nawa, kada ka gina a kai. Ka tambayi wanda ke can a wannan watan. Da kuɗi sun shigo, ka fara cire haya, da wuta, da kuɗin takardu, ka ware wani abu na asibiti da ba ka taɓawa, sauran ka raba gida huɗu, kowane mako da nasa. Canjin dala a bayan fage laifi ne a dokarsu, banki ko shagon canji mai lasisi za ka. Masu karɓar naira a gida su ba da fam a can suna da yawa a cikin ɗalibai, akwai masu amana, akwai waɗanda suka jefa mutane cikin kuka. Kada a tura kuɗin makaranta gaba ɗaya ta hannun mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

Iyaye ma ga tasu: ku sa rana tsayayya a wata da kuke turawa, ko kaɗan ne. Yaron da ya san ranar biyar ga wata kuɗinsa na zuwa ya fi natsuwa a kan wanda ake tura wa da yawa amma ba ya sanin yaushe.

Sanyi

Kada ka ce ai ka saba da hunturun Gombe. Namu na safe ne, hantsi na yi ya sake ka. Nasu daga Disamba zuwa Fabrairu yake, dare kan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma tayil ne da kankare, cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Tun Nuwamba ka je Wikalatul Balah, kasuwar gwanjonsu a Bulaƙ, ka sayi rigar sanyi mai kauri, da safa, da bargo biyu, ka shimfiɗa darduma a ƙasa. Bayan sanyi sai iskar khamasin mai ƙura da zafi, mai asma ya tanadi maganinsa. Agogonsu na gaba da namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba ya koma awa biyu. Ka gaya wa Inna, don kada ta kira ka ta ji shiru hankalinta ya tashi.

Aji da masallaci

Ba wanda zai bi ka da bulala. A wasu kulliyoyin ɗalibai sun yi yawan da ba mai lura ko ka zo, jarrabawa kuma a tattare take zuwa. Ka sayi littattafan manhaja tun makon farko, ka nemo tambayoyin shekarun baya, ka shiga rukunin muraja'a, wato bitar karatu, na mutum uku ko huɗu. Bayan aji, darussan da ake yi a zaurukan masallacin Azhar kyauta ne, kuma ba mu ne farkon zuwa ba: tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira, a cikin Azhar ma an yi zauren da aka sani da na Barnawa. Ka zaɓi fanni biyu ka lizimce su har a sauke littafin, kada ka zama mai yawon majalisu. Shagunan littattafai suna Darbul Atrak bayan masallacin, babbar kasuwar baje kolin littattafai kuma ƙarshen Janairu take ci, ka yi mata tanadi.

A sahu za ka tsaya tsakanin Bashafi'e da Bahanafe, wannan ya bayyana bisimilla, wancan ya ɓoye. Rigimar ƙungiyanci ta gida ka bar ta a tashar mota. Siyasar ƙasarsu kuwa ba taka ba ce, a baki ko a Facebook. Kada ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko ginin gwamnati, in ka ga taro ka sauya hanya.

Zuciya

Za a kira ka "samara" ko "shokolata" a titi saboda launin fatarka, yawanci yara da matasa. Yana da zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ka wuce, kada ka tsaya dambe, kai ne baƙo. A unguwar nan ɗaya kuma za ka samu tsohuwar da za ta aiko muku da abinci ranar Idi, da teburan buɗa-baki na kyauta da ake jerawa a tituna duk watan azumi. Ƙannena mata, ku riƙa fita bibbiyu, ku shiga taragun mata, kuma duk wanda ya matsa muku ku ɗaga murya, jama'ar wurin kan kawo ɗauki.

Kewar gida takan sauko ne wajen wata na biyu, bayan ɗokin zuwa ya lafa, sanyi ya shigo. Ka sa rana ɗaya a mako ta doguwar hira da gida, ba kullum dare har ƙarfe biyu ba. In ka ga ɗan uwanka ya daina fita aji, ya daina cin abinci tare da ku, yana kwana da rana, kada ku ce shagwaɓa ce. Ku zauna da shi, ku sanar da manyan ɗalibai, in ta kama a kai shi ga likita. Kai ma in abin ya same ka, ka faɗa.

Sai ka nemi jaka guda ta roba, duk rasit, duk sakamakon jarrabawa, duk tsohon fasfo mai hatimin shiga da fita, ka zuba a ciki. Ranar da ka dawo neman tantance shaidarka don bautar ƙasa, ko jarrabawar hukumar likitoci in likita ka karanta, za a tambaye ka su.

Yaron nan ya tashi ta Kano. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki mahaifinsa ya same ni a zaure, ya miƙo mini waya yana nuna mini hoton iƙamar da ta fito. Ya ce, "Malam, ya ce in gaishe ka. Wai sanyi ya fara, yana tambaya bargon nan guda biyu ka ce ko uku?" Na ce, "Baba, a ce masa ya ƙara na ukun, kuma ya bar tagar banɗaki a buɗe."